Mushe Alfari da Mai Taru a Baki

Kullum da hantsi Mushe Alfari, tsohon malaminmu (Mushe muke ce wa malamin boko), yakan dogara sandarsa zuwa bakin kogi a Gaya, ya zauna yana kallon masunta suna shanya taru. Masu wucewa tsoho kawai suke gani. Ni kuwa mutumin da ya hana a cire ni daga lakkol, wato makarantar boko, nake gani.

Shekara biyu bayan samun mulkin kai ya zana mana wata dabbar teku a allo, wai ita balen. Ya ce ta yi tsawon kwale-kwale uku, a ruwa take amma ba kifi ba ce, iska take shaƙa, tana shayar da ɗanta nono. Ba ta da haƙori ko ɗaya, abincinta ƴan mitsi-mitsin halittun ruwa.

Na kai labari gida da rawar jiki. Babana Seyni, wanda a cikin kwale-kwale ya girma, ya ajiye lomarsa.

"Hawwa, ƙarya ake koya muku? Daga gobe kin bar lakkol."

Na sha kuka. Washegari sai ga Mushe a bakin kogi da ƙwarya da matsefi.

"Baba Seyni, ayun da ke kogin nan kifi ne?"

"Wane irin kifi! Nono yake bai wa ɗansa."

"To, balen ma haka take."

"Na ji wannan. Ƙatuwar banza ba haƙori fa, da me take ci?"

Mushe ya watsa dusa a ruwan ƙwarya, ya ja matsefi a ciki. Ruwa ya wuce, dusa ta maƙale. Ya ce haka bakinta yake, cike da geza: ta kamfaci ruwa, ta turo shi waje da harshe, abinci ya tsaya. Baba ya daɗe yana kallon matsefin, sannan ya fashe da dariya.

"Ashe ƴar'uwarmu ce, da tarunta a baki aka halicce ta! Hawwa, ɗauki allonki."

Har yau mu ɗalibansa Mai Taru a Baki muke ce mata, kuma ina kewar ajin nan da aka kewaye da zana.

Mushe, kai ne ka koyar da teku shekara talatin ba ka taɓa ganin ta ba. Da aikin ungozoma ya kai ni Kwatano, na shiga jirgin masu kifi, na ga wata balen ta feso numfashi, ɗanta a gefenta. Na dawo na faɗa maka. Ka share ido, ka ce, "Alhamdulillahi, ashe ban yi wa babanki ƙarya ba."

Na gode, Mushe, Allah ya ƙara lafiya. Malaman yau, in uba ya musa muku, kada ku raina shi. Ku ɗauki ƙwarya ku same shi a bakin kogi.