Takardar Asibitin Maƙwabciyata

Shekara shida na yi ina riƙe da shagon kwamfuta a Kafanchan, a wani layi kusa da tashar jirgin ƙasa. Ina buga wa mutane takardu, ina yin fotokofi, ina cike wa ɗalibai fom ɗin jarrabawa ta intanet. Daga Manchok nake shigowa a bas kowace safiya. Bango ɗaya ne ya raba ni da wata mata mai irin sana'ata. 'Yar Ibo ce, amma a garin aka haife ta, mahaifinta tsohon ma'aikacin reluwe ne. Hausarta ta fi tawa zaƙi. Kowa Madam yake ce mata, ni kuma a ce min Sista.

Kwamfutata ta fi tata sabunta, firintata mai kala ce, hannuna kuma ya fi nata sauri. Duk da haka bencin ƙofarta ne kullum a cike. Sai in zauna ina korar ƙuda, ina jin dariyar mutane ta bango, zuciyata tana tafasa.

Na daɗe ina leƙen yadda take aiki. In ta gama buga wa mutum takarda, sai ta juya masa fuskar kwamfutar ta ce, "Duba da idonka, na goge." In za ta buɗe wa wani imel, sai ta tura masa kibod ya sa lambar sirrinsa da kansa, ita ta kau da kai tana kallon titi. Ni kuwa komai ajiyewa nake: takardun haihuwa, hotuna, har lambobin sirri. Nakan ce don sauƙin mutane ne. Gaskiyar ita ce ina so duk wanda ya manta lambarsa ya dawo hannuna dole.

Wata Litinin da damina, ta shigo shagona riƙe da wayarta, ruwa yana ɗiga daga lemarta.

"Sista, firintata ta ƙi. Ki taimaka ki fitar min da takarda ɗaya."

Ta turo min, na buga, ta ninke ta da sauri ta tura a jaka.

"Kin goge ko?"

"Na goge, Madam."

Ban goge ba. Tana fita na buɗe. Takardar asibiti ce. Likita ya rubuta cewa idanunta biyu suna mutuwa sannu a hankali, na hagu ya riga ya yi nisa. Na karanta sau uku. Ina so in ce tausayi ne ya fara kama ni, amma ba shi ba ne. Abin da ya fara zuwar min shi ne: wa zai kai fom ɗin ɗansa wurin mai buga takarda da ba ta gani?

Kusan wata biyu takardar tana cikin kwamfutata. Ran Lahadi ina cikin majami'a ana waƙa, ni hankalina yana kanta. Ban nuna wa kowa ba, amma sanin tana nan yana yi min daɗi, musamman ranar da bencinta ya cika nawa ba kowa.

Akwai wani tsoho, manomin citta daga wajen Kachia, da yake zuwa wurinta duk lokacin da ƙungiyarsu ta manoma take son a buga mata wasiƙa. Rannan ya tarar da layi, ya ɗan fake a inuwar shagona. Na ba shi kujera.

"Baba, ka riƙa duba abin da ake buga maka da kyau fa," na ce. "Ba kowane ido ne yake ganin ƙananan rubutu ba."

Ya dube ni ya yi murmushi, ya amsa da irin Hausarsa da ba ta bambanta mace da namiji.

"'Yata, ni ban iya karatu ba ma. Shi ya sa ina zuwa wurin Madam. Yana karanta min duka, in na ce ba haka ba, yana gyara. Kuma maganar mu ba ya fita waje."

Ya tashi ya koma layinsa. Na ji kamar an watsa min ruwan sanyi, amma ko a lokacin haushinta na ji, ba kunyar kaina ba.

Ba a yi mako biyu ba, na ji muryarta ta bango tana magana da mutanen da ke benci. Ta ce idonta ya samu matsala, likita ya tabbatar. Ta ce daga yau za ta ƙara girman rubutun kwamfutar, aikin zai ɗan yi jinkiri, kuma kowa ya duba sunansa da lambobinsa kafin ta tura. Wanda yake sauri, in ji ta, ga Sista nan kusa, hannunta da kyau.

Na gyara zama ina jiran su shigo. Mutum biyu ne suka shigo ranar. Sauran suka zauna. Wata malamar firamare ma ta ja kujera kusa da ita tana karanta mata lambobi da ƙarfi, suna dariya in an yi kuskure.

Da yamma na goge takardar. Ba zan kira shi halin kirki ba, don a lokacin ba ta da sauran amfani a wurina. Daga nan na bi fayilolin mutane ɗaya bayan ɗaya, har da lambobin sirrin, na share. Ya ci min kwana uku.

Madam ta ƙara shekara biyu a shagon kafin ta koma Inugu wurin 'yarta. Yawancin mutanenta sun dawo wurina, ni ma na koma juya musu fuskar kwamfuta in na gama. Wata rana malamar firamaren nan ta ga na yi haka, ta ce, "Kai, Sista, kin koyi aikin Madam." Na yi dariya na ce haka ne. Bayan ta fita na daɗe ban iya taɓa kibod ba saboda ƙyashi, ga shi Madam ɗin ba ta ma garin.