Akwatin Kawu a Tagar Masallaci

Kawu Ƙarami, ƙanin Ummata, yana gyaran rediyo da fitilun caji a wani ɗan shago kusa da tasha a Birnin Kudu. A bayan labulen shagon yake ajiye jitarsa mai aiki da lantarki, ja ce, da amfilifayarta, wani baƙin akwati da bai fi kwalin taliya girma ba. Bai taɓa kiɗa a biki ba. Don kansa yake kaɗawa, idan rana ta take masu kawo gyara suka ɗauke ƙafa.

Ina aji biyu a ƙaramar sakandare na fara kai masa abinci bayan an tashi makaranta. Na yi mako uku ina tsayawa a bakin labule ina kallo kafin ya ce, "Ke, ko ki shigo ko ki tafi, kin tsare min iska."

Ya ɗora min jitar a cinya. Tana da nauyi, kuma idan ba a jona ta da akwatin ba, kukanta bai fi na sauro ba. Akwatin yana da maɓallai biyar da ake murɗawa, amma uku ya koya min. Na farko na ƙara ne. Na biyu yana sa sauti ya dishe kamar mai mura. Na ƙarshe shi yake kira rijiya, don yana maimaita duk abin da aka kaɗa kamar daga can ƙasa. Cikin shekara guda na iya kiɗa huɗu ba tare da na kalli yatsuna ba.

Umma ta sani. Abin da ta ce kawai shi ne, "Kada maganar nan ta je Gwaram." A can babban yayansu yake, Kawu Babba, wanda ko a rediyo aka sako kiɗa sai ya tashi daga wurin.

Da damina mota ta buge Kawu Ƙarami a kan babur a hanyar Basirka. Bai kai asibiti ba. Aka kwashe kayan shagon zuwa gidan kakata Inna a Gwaram, mu ma muka zauna a can har a yi sadakar arba'in.

Ranar da aka baje kayan a tsakar gida, Kawu Babba ya ce kayan kiɗa ba abin gado ba ne. Na'urar masallacin unguwa ta ƙone tun bara, saboda haka akwatin zai tafi can, domin ladan kiran salla ya riƙa isa ga mamacin. Jitar kuwa da yatsu biyu ya ɗaga ta, kamar mushen kaza.

"Bar min ita, Yaya," in ji Umma. "Ba akwatin ai katako ce kawai. Zan rataye ta in riƙa tuna shi."

"Muddin ba mai taɓa ta a gidanki."

"Wa zai taɓa?"

Ina tsaye da buta a hannu, na sunkuyar da kai. Umma ta sa jitar a buhu ta tura ƙarƙashin gado. Na san ko ba akwatin zan iya kaɗa ta a hankali a ɗakinmu, in dai ba wanda ya sani.

Aka ɗora akwatin a tagar masallaci, aka jona shi da batirin sola da makirfo. Don kiran ya kai har gonaki, sai suka murɗe maɓallan nan biyar duka har ƙarshe. Da la'asar muryar ladan ta fito a dishe, tana karkarwa, kowace kalma tana dawowa sau uku, ga wata doguwar shewa a tsakani. Tumaki suka watse. Yara suka yi ta dariya.

Kwana biyu aka yi ana dariya, daga nan magana ta sauya. A bakin famfo na ji wata mata tana cewa akwatin ya saba da sheɗanci, shi ya sa sunan Allah ba ya zama a cikinsa. Wata ta ce, "Ai ishara ce. Halin da mai shi yake ciki ake nuna mana." Ba su rage murya ba da suka gan ni. Maganar ta shigo gida. Inna ta daina cin tuwo, kuma duk lokacin da aka fara kira sai ta toshe kunnenta da gefen mayafi tana kuka ba sauti.

Ni kaɗai na san matsalar maɓalli biyu ce kawai. Na gaya wa Umma. Ta ce, "In kika buɗe baki, za a tambaye ki a ina kika sani. Ki yi shiru, mutane za su gaji."

Ba su gaji ba. A kwana na tara na sa hijabi na fita. Ladan tsoho ne, yana ɗinkin hula a gindin darbejiya. Sau biyu na wuce shi kafin na durƙusa na gaishe shi.

"'Yar Birnin Kudu, lafiya? Ko kin zo sayen hula ne?"

"Malam, akwatin nan. Maɓalli na biyu da na ƙarshe, a mayar da su hagu gaba ɗaya. Na farko a bar shi a rabi."

"Ɗaga murya, ni ma kunnen nawa gyara yake so."

Na maimaita. Ya dube ni na ɗan lokaci, ya soke allurarsa a hular, ya tashi.

Da magariba kiran ya fito tas, muryar tsohon ita kaɗai. Inna ta sauke mayafin daga kunnenta. Ta ce a zubo mata tuwo.

Ladan bai yi nufin sharri ba. A ƙofar masallaci ya yi ta yabona, wai jikar gidan nan ta fi su duka kai. Bayan salla Kawu Babba ya shigo bai ko cire hula ba.

"Zo nan. Kawo hannunki. Na hagu."

Ya danna kan yatsuna ɗaya bayan ɗaya. Inda tsirkiya ke kwanciya duk ya yi kanta. Bai dake ni ba, bai ma yi faɗa ba. Umma ya kalla.

"Ɗauko ta."

A bayan ɗakin girki ya sa wa jitar gatari. Katakon ya yi gardama, sai a sara na shida wuyan ya rabu, tsirkiya ɗaya ta tsinke ta yanke shi a bayan hannu. Da safe matarsa ta tura gutsattsarin a murhu, amma fentin ya yi wari har sai da aka sauke tukunyar koko aka janye itacen waje, aka zuba masa ruwa.

Bayan arba'in muka hau bas zuwa Birnin Kudu. Sai da muka kusa gida, sannan Umma ta ce, ba tare da ta juyo ba, "Gobe akwai makaranta. Kin wanke yunifom ɗinki?"

Na ce a'a.