Buhun Cittar Kakata da Dutsen Girka

Shekarun baya, ina ajin ƙarshe a jami'a, na ɗauki wani kwas na tatsuniyoyi da almarar al'ummun duniya don an ce mini yana da sauƙi. Wanda ya faɗa mini haka, Allah ya isa! Gwajin farko na sha ƙasa, kuma na san idan na faɗi kwas ɗin, maimaita shekara ta kama ni.

Da aka shiga yajin aiki na koma ƙauyenmu, gaba da Kafanchan kaɗan. Lokacin tsaga citta ne. Ni kuwa na ga boko, hannuna ya fi ƙarfin wuƙa, sai na zauna kusa da kakata ina burge ta da ilimi. Na ba ta labarin wani sarkin Girka da alloli suka hukunta: ya tura dutse zuwa kan tudu, dutsen ya gangaro, ya sake turawa, har abada. Ko kallona ba ta yi ba. Cewa kawai ta yi, “Maigida, matsa, ka zauna a kan tabarman citta.”

Bayan an koma, malaminmu ya ce kowa ya naɗo tatsuniya daga bakin tsoho, kuma aikin ne zai raba mai ci da mai faɗuwa. Na ari rakoda, na dawo gida. Kaka ta gyara ɗaurin kallabi kamar na'urar tana ganinta, ta ba da labarin wani ɗan kasuwa mai tauye mudu, wanda Ubangiji ya ɗora wa buhun citta ya kai kasuwar Kachia. Da ya kusa kan tudu sai buhu ya suɓuce ya gangara, ya koma ya ɗauko. Har da waƙa ta sa. Ni hankalina yana kan batir, ban gane komai ba.

Ranar da malam ya kunna kaset ɗina a aji, tsaye ya miƙe. “Kun ji? Almarar Girka a kudancin Kaduna! A bakin tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba!” A nan na gane labarina. Na ɗaga hannu zan yi bayani, ya ce in adana, shi da kansa zai je ya ga wannan baiwar Allah.

Ya kuwa zo, a tsohuwar motarsa fijo, ni a gefe ina zufa. Aka ba shi kujera da kunu.

“Mama, wannan tatsuniya daga wa kika ji ta? Daga kakanninki?”

“Wane kakanni? Wannan maigida nawa ne ya kawo daga makaranta.” Ta nuna ni da wuƙar citta. “Amma nashi ba gishiri, Malam. Mutum yana tura dutse, dutsen me? Wa zai saya? Shi ya sa na gyara.”

Malam ya juyo ya dube ni. Na ga shekarata tana gangarawa kamar buhun nan.

“Kuma akwai wanda ban faɗa ba,” in ji Kaka, “batir ɗin maigidan nan ya mutu. Shi ya ce mutumin ba ya hutawa har abada. Haba! Ko jaki ne? Na ba shi Lahadi. Ya ajiye buhu, ya je sujada, Litinin ya ci gaba.”

Malam ya yi dariya har kunu ya sarƙe shi. Da ya farfaɗo ya ce shekara da shekaru yana koyar da yadda labari ke tafiya daga ƙasa zuwa ƙasa, bai taɓa kama shi a hanya ba sai yau. Ya sa sabon batir, ya naɗi Kaka da kansa. Na ci kwas ɗin, amma ya gaya mini a fili cewa makin nata ne, aro ya ba ni.

Kaka ta daɗe da rasuwa, kuma har yau ina kewarta duk lokacin da na ji ƙanshin ɗanyar citta. Abin da ta koya mini shi ne labari ba na wanda ya kawo shi ba ne, na wanda ya iya ba da shi ne. Bara na je gida na tarar da jikokin yayata suna ba juna labarin mai buhun citta. Na ce musu asalinsa daga Girka ne, ni na kawo shi. Babbar cikinsu ta dube ni da tausayi ta ce, “Baba, a Girka ana noman citta ne?”