Jinin da Ya Dawo Hanjin Malam Idi

Har yau idan na tuna Malam Idi, manomin Gabi, sai na tuna yadda aka bi ni da kallon tuhuma. Lokacin ina sabon ma'aikacin jinya a asibitinmu na Madarunfa, ƙarƙashin majo, wato shugaban masu jinya.

A amalanke aka kawo shi, ana tsakiyar girbin gero. Ya daɗe da gwaiwa, sai hanji ya sauko ya shaƙe, jini ya daina isa wurin. Lokotoro, wato likita, ya yi masa aiki, ya saki hanjin. Muna tsaye muka ga wurin da ya yi baƙi-baƙi ya koma ja. Aka ɗinke, ya farfaɗo, har ya tambayi wa zai ɗaure masa dammunansa.

Washegari da hantsi na yi masa allurar da aka rubuta. Kafin azahar jikinsa ya yi zafi rau, ciki ya kumbura, tansiyo, wato awon bugun jini, ya faɗi.

Yayansa Alhaji Mamman, direba a hanyar Ɗan Issa, ya tare ni a bakin ƙofa.

"Malam, mutum ya tashi yana magana. Kai ka soka mishi allura ya koma haka. Mi ka ba shi?"

Na nuna masa kwalbar. Ya karɓa, ya jefa aljihu, ya ce zai kai Maraɗi a duba.

Majo kuwa matar maras lafiyan, Rabi, ya zarga. An hana Malam Idi ci da sha bayan aiki, ga ƙwaryar fura ƙarƙashin gado.

"Baiwar Allah, faɗi gaskiya, kin ba shi ko jiƙo ne?"

"Wallahi ko ruwa ban ɗiga mishi ba. Furar tawa ce."

Majo bai yarda ba. Ni ma ya ja ni gefe ya sa na sake lissafa masa abin da na zuba a allurar da ƙarin ruwan Malam Idi. Ranar ba wanda ya yarda da wani.

Da lokotoro ya zo ya taɓa cikin, sai ya tara mu duka. Ya ce hanjin da ya daɗe ba jini, ƙananan jijiyoyinsa sun riga sun galabaita. Idan jini ya dawo gaba ɗaya, jijiyoyin kan kumbura su riƙa yoyo, bangon hanji ya yi rauni, dattin ciki ya shiga jini.

"To, aikin naku ne ya ɓata shi ke nan," in ji Alhaji.

"Da ba mu saki hanjin ba, Alhaji, da jiya kun yi jana'iza. Dawowar jinin ce ta cece shi, ita ce kuma take wahalar da shi yanzu."

Muka tura shi Maraɗi. Aka yanke ɗan guntun hanjin da ya lalace, ya yi makonni a kwance, ya tashi. Rabi ba ta ƙara gaida majo ba. Alhaji kuma, in mun haɗu a tasha, yakan amsa sallamata, amma bai taɓa ba ni hannu ba.

Tun daga nan, duk wanda aka saki hanjinsa, ina zama da danginsa tun suna cikin murna, in gaya musu gobe jiki na iya tsananta, da dalilin hakan. Bayanin da aka yi kafin ciwo ya juya, mutanenmu suna karɓarsa a matsayin sani. Wanda aka yi bayan ya juya, ko gaskiya ne, kare kai suke jin sa.