Badlar da Na Kai wa Tela

Salamu alaikum jama'a. Wata huɗu ban ce uffan ba a nan. Masu tambaya ko Husaini ya koma Kano ne, ban je ko'ina ba. Ina Makka, ciwo ne ya kwantar da ni.

Wanda bai sani ba ya sani yau: ina da sikila. Hasan, ɗan tagwaicina, ba shi da ita. Ciki ɗaya, rana ɗaya, shi ya fito garau, ni na kwaso ciwon gidan gaba ɗaya.

Zan faɗi gaskiya ko da za ku zage ni. Ina kishin Hasan, kuma ba yau na fara ba.

Shekara uku ke nan da ya koyi nutso a teku. Duk Juma'a bayan salla sai shi da abokansa su cika mota su nufi bakin tekun Shu'aiba, ya dawo gidanmu a unguwar Shisha yana warin gishiri, yana ba Umma labarin kifaye. Ku kuna danna masa "Masha Allah" a ƙarƙashin hotuna, ni ina shagon gyaran waya a unguwar Mansur ina cizon leɓe. Ni ko wankan ruwan sanyi aka hana ni tun ina yaro, don sanyi ke tayar min da ciwo.

Ran nan na ji yana gaya wa wani cewa badla, rigar robar nan da masu nutso ke sawa, tana riƙe ɗumin jiki. Na ce af, ashe riga ce kawai tsakanina da shi!

Ban tambaye shi komai ba. Allah ya kiyaye in tambayi Hasan. Na sulale Jidda ni kaɗai na sayo.

Mai shagon ya ba ni wata, na gwada, ta manne min kamar fata. Na dubi madubi na ji kunya. Ni da ko jallabiya sai na ce a ƙara min yalwa? Ya ce, "Ya akhi, haka ake sa ta." Na ce ya ba ni ta gaba da ita. Ya girgiza kai ya ba ni.

Ita ma da na zo gida sai na ga ta kama ni a hammata da cinya. Sai na yi abin da kowane Bahaushe ke yi da rigar da ta matse shi: na kai wa tela.

Malam Idi, telan layinmu, ya jujjuya ta ya ce, "Wannan kuma wane irin yadi ne, ɗan nan?" Na ce ya dai buɗe gefe ya sa ƙari. Ya sa, ya yi ɗinki mai kyau kuwa. Laifin ba nasa ba ne.

Ranar wata Talata cikin sanyin Janairu na ɗauki tasi zuwa Shu'aiba. Za ku ce wane sanyi ke ga tekun nan? Ga mai lafiya babu. Ni kuwa ina shiga ruwa ya bi ta wuya, ya bi ta ramukan allura, yana shiga yana fita. Duk da haka na ƙi fitowa, don daɗi nake ji irin wanda ban taɓa ji ba. Da na fito iska ta ƙarasa ni.

Baya ya fara, sai ƙafafu, sai ƙirji. Mai tasin da ke jirana ne ya kai ni ɗawari, ɗakin gaggawa.

Ƙarin ruwa, allurar kashe zafi, hoton ƙirji, ɗibar jini safe da yamma. Kwana na biyu numfashi ya ƙi, aka sa min robar iska a hanci, aka yi min ƙarin jini. Na ji tsoro, wallahi na ji. Na ga Umma ta juya wa gadona baya tana goge ido da gefen mayafi.

Kwana goma sha tara na yi. Ta'amin ɗin wurin aiki, wato inshora, ya ɗauki wani abu, sauran Hasan ya biya. Wannan ma ya ƙona min rai, ku ji fa irin halina.

Da daktora ta ji labarin tela sai ta cire tabarau ta ce, "Ka yanka ta? Matsewar ita ce aikinta. Ruwa kaɗan take riƙewa, jikinka ya ɗumama shi. Kai ka buɗe wa teku ƙofa."

Hasan bai yi dariya ba. Na fi so ya yi.

Yanzu alhamdu lillahi ina tafiya da ƙafata, na koma shago. Daktora ta yarda in shiga tafkin iyo mai ruwan ɗumi, minti goma, in goge jiki nan take. Teku kuwa ta ce in manta da shi tukuna. Hasan ya kai ni aka auna ƙirji da ƙugu da tsawo, muka sayi badla daidai ni. Ta matse, na bar ta yadda take.

Na gode wa Allah, na gode wa Umma, da ma'aikatan jinya, da mai tasin da ban ma san sunansa ba.

Masu sikila, kada ku shiga ruwa sai kun tambayi likitanku. Mai sayen badla, ka gwada a shago, ka duba kaurinta, kada ta bar sarari a wuya ko hannu ko baya. Kada allurar tela ta taɓa ta. Kuma kada ka je ruwa kai kaɗai.

Hasan, saura kai. Sau uku ka tambaye ni a asibiti me ya sa ban kira ka ba da na faɗi a bakin teku, na ce wayata ba caji.

Akwai caji. Lambarka na fara dannawa, na kashe kafin ta shiga, don ban so a ce kai ka cece ni.

Ka yafe ni, ɗan'uwana.