Hadiza da babin da aka ce ba aikinta ba ne

Bana shekara goma sha biyu ke nan da rasuwar ƙanwata Hadiza. Ni ne babba a ɗakinmu, malamin lakol, wato makarantar boko, a Agiye har na yi ritaya, kuma a hannuna ta koyi baƙi. Duk da haka, in aka zo maganar tsayawa a kan gaskiya, ita ce malamata.

Ta gama jami'a a Yamai ana cikin zafin sauyin nan da ya biyo bayan babban taron ƙasa. Jam'iyyu na ta tsirowa, bakin kowa ya buɗe. Sai ta samu staj, wato zaman koyon aiki, a wani buro da ke shirya littattafan shawara kan haraji don ƙasashe masu tasowa. Aikinta gyaran rubutu ne: ta duba kuskure, ta daidaita jimla, ta bi takardu zuwa maɗaba'a. Da yake Bahaushiya ce, aka ɗora mata fassara wani ƙaramin littafi daga Faransanci.

A lokacin, mu nan gida an ɗauka dimokuraɗiyya ta zo ta yafe lanho, wato haraji. Mai yankan tikitin kasuwa in ya tunkari rumfa, sai a yi masa ihu har ya juya. Hadiza ta san da haka, shi ya sa ta nemi izini ta zo ta karanta wa mutane fassararta kafin a buga, ta ji ko tana shiga kunne.

Ni na kai ta Gangara ran kasuwa. Ta tsaya wajen masu hatsi da takardunta, ta yi sallama, ta fara karatu. Ba ta yi nisa ba aka fara guna-guni, wani daga baya ya ce gwamnati ce ta canja dabara, ta aiko mace. Na matso na ce mu tafi, ta girgiza kai. Can wani dattijo mai awon gero, Alhaji Idi, ya ɗaga hannu aka yi shiru.

Ya ce, "'Yata, Hausarki ta fita, mun ji. Littafin nan ya san yadda za a karɓa a hannunmu. To ina wurin da ya ce mu ma muna iya tambaya? Tun ina yaro ake biya, damina na zuwa kasuwar nan ta koma tabki."

Hadiza ta juya takardun gaba da baya, ta ce, "Baba, babu wurin."

Ba ta kare littafin ba, ba ta kuma zagi waɗanda suka rubuta shi ba. Ta nemi tabarma ta zauna, ta yini tana sauraro. Daga baya ta je Cadakori, makiyaya suka faɗa mata kusan magana iri ɗaya a kan dabbobinsu da rijiyoyi.

Da ta koma Yamai sai ta rubuta wani gajeren babi da kanta: cewa mai biyan haraji yana da haƙƙin a ba shi shaidar biya, yana da haƙƙin sanin abin da aka yi da shi, kuma tambaya ba rashin kunya ba ce. Shugaban buron ba mugun mutum ba ne, amma yana da na sama da shi. Ya ce mata an ɗauke ta gyara, ba a ɗauke ta rubutu ba, kuma ta tuna ana shirin zaɓen wanda za a riƙe aiki cikin masu staj. Mun san abin da aikin nan yake nufi a gidanmu, mahaifinmu ya tsufa, ƙanne na lakol. Ta amsa masa da ladabi cewa za ta gyara duk abin da aka ba ta, amma ba za ta iya komawa Gangara da littafin yadda yake ba.

An yi ta ja. A ƙarshe aka sa babin a bugun Hausa kaɗai, an rage shi, babu sunanta. Aikin kuwa aka ba wani. Ta dawo gida da akwatinta da kwafin littafin, na tarye ta a tasha ina shirin lallashi, sai na iske tana dariya tana tambayata ko Inna ta dama fura.

Shekaru ta yi tana koyarwa, har aka kafa ƙananan hukumomi ta samu aiki a ofishin magajin garin wani yanki na Gazawa. Can ta nace sai an riƙa karanta wa jama'a da Hausa, a bainar kasuwa, abin da aka tara da inda ya tafi. Wasu sun ji haushinta, ta kuwa san da haka. Tana da kafiya, ba na ɓoyewa. Ko ni in muka yi gardama sai na gaji na bar mata.

Yau nakan tambayi kaina me za ta ce da ta ga zamanin nan. Na tabbata za ta yi murna da 'yan matan da ke fita staj har ƙasashen waje, waya a hannu, ba mai yi musu kallon mamaki. Na kuma tabbata za ta ɓata rai da ganin har yanzu ana rubuta wa talaka dokoki cikin harshen da ba ya ji.

Littafin ya daɗe da ɓacewa, ban san mai sauran kwafi ba. Amma bara na halarci wani taro a Gazawa, wata mai tuyar ƙosai ta miƙe ta tambayi magajin gari ina aka kwana a kan rufin rumfunan mata. Ba ta san Hadiza ba, ko sunanta ba ta taɓa ji ba. Ba wanda ya ce ta zauna. Magajin gari ya miƙe tsaye ya ba ta amsa.

Allah Ya jiƙan Hadiza, Ya haskaka makwancinta, Ya sa mu iske ta cikin rahama.