Ranar da Na Tare Taraktar Baba

Ranar wata Asabar ce, kwana biyu bayan ruwan shuka, a shekarar da nake aji biyar na firamare. Ina tsugune a tsakar gida ina wanke-wanke ina mita, domin ni ban taɓa yin aiki bakina a rufe ba, sai Kaka ta fito tana dogara sanda za ta sha hantsi. Kaka ita ce ta haifi Baba, a lokacin yanar ido ta ci ganinta, sai dishi-dishi. Ta lalubi tarin duwatsun da muka sauke jikin katanga jiya da yamma, ta zauna bisa wani mai faɗi. Can na ga ta muskuta, ta sa hannu tana shafa shi, ta bi kwarmin tsakiyarsa har ta kai wani gefe da ya ɓantare, sai ta tsaya cak. "Ke Saude, wanga dutsin niƙa daga ina?" Na ce daga gonar kufai mana, ni ce ma na gano shi cikin gamba, da wasu manya uku kewaye da shi. Ban taɓa ganin tsohuwar nan ta miƙe babu sanda ba sai ranar. Ta ce ina ubana, na ce ya tafi noman gonar da tarakta tun da sassafe. "Innalillahi! Rijiya ce ƙarƙashin duwatsun ga. Ruga, Saude, ruga!"

Gonar kufai gadon Kaka ce. Nan ƙauyenmu yake a da, tsakanin Faskari da Sabuwa, kafin mutane su taso su dawo bakin hanya. Baba bai san gonar sosai ba, don ya yi shekaru yana tuƙin babbar mota, wani dattijo ne aka bai wa aronta yana nomawa da shanu har Allah ya yi masa rasuwa. Da Baba ya gaji da titi ya dawo gida, sai ya sayo wata 'yar tarakta ta hannu, ja ce amma rana ta koɗar da ita. Don ƙanƙantarta mutanen gari suka sa mata suna Ɗan Maraƙi. Daminar farko da 'yar ƙaramar garma ya yi aiki, in ta shiga laka sai tayoyi su yi ta juyawa wuri ɗaya ana dariya. Wurin gambar nan kuwa kewaye shi ya riƙa yi, ba don ya san abin da ke ƙarƙashinsa ba, don dai kada wani dutse ya karya masa garma.

Dariyar nan ta ci wa Baba rai. Rani na kamawa ya duƙufa. Ya je Funtuwa ya dawo da tayoyin baya masu manyan haƙora, tsayinsu ya kusa nawa. Wata ranar kasuwar 'Yankara ya zo da haro, wato garmar nan mai faya-fayan ƙarfe a jere. Da aka ɗaura shi a baya, tarakta ta yi nishi ta kasa ɗaga shi, sai aka kira bakanike ya sauya famfon haidirolik da tiyo-tiyonsa, muka wuni muna kallon jan mai yana ɗiga a ƙasa. Da ta ɗaga haron kuma sai goshinta ya tashi sama, don haka aka ɗaura mata wasu ƙarafa masu nauyi a gaba. Abin da har yau nake jin haushinsa shi ne ɗurin ruwa. Wai sai an cika tayoyin baya da ruwa za su kama ƙasa. Kwana biyu ina zirga-zirga da jarka tsakanin burtsatse da ƙofar gida, ƙawayena na can suna carafke a inuwar makaranta, ni ina shayar da taya. Na faɗa kuwa, na ce jama'a na neman na sha, mu roba muke wa ɗuri. Inna ta make min baki, amma ita ma da ta ga sawun da taraktar ta bari a ƙofar gida sai da ta ce, "Malam, abin ga bai yi nauyi ba?" Baba ya ce ai nauyin ake nema.

Saura abu ɗaya. Faya-fayan haro ba sa shiri da dutse, don haka ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci Baba ya ɗaura tirela, ya ce a tsince duk wani dutse da ke gonar. Ni mai rawar kai, ni na kutsa cikin gamba na gano manyan, na yi ta ihu a zo a gani. Maza biyu suka ciccibe su, aka sassabe gambar, Baba ya ce za su yi harsashin katanga. Har yaba mini ya yi, ya ce idona ya fi na kowa.

Wannan yabon ne ya riƙa dukan ƙirjina ina gudu. Na fita ba takalmi, ba mayafi, kumfar sabulu a hannuna. Hanyar da nake yi da kwanon abinci ina tsince-tsince kusan rabin awa, ranar ban san yadda na cinye ta ba. A makaranta babu yarinyar da ke kama ni a tsere, amma ranar sai nake jin kamar an ɗaura mini jarka a kowace ƙafa. Na wuce masu shuka suna ta sara suna binnewa da diddige, wani ya ɗago yana tambayar ko lafiya, ban ko waiwaya ba. Ƙaya ta soke ni, na ci gaba da ita a ƙafa. Abu ɗaya nake saurare, ƙugin injin. Muddin ina jin sa daga nesa, Baba na nan da rai. In ya ɗauke, to ni na kashe ubana da hannuna, haka nake faɗa wa kaina ina kuka.

Da na faɗa gonar sai hankalina ya ƙara tashi. Baba ya ci fiye da rabinta, ƙasa ta juye baƙa wuluk, ko'ina ya zama iri ɗaya, gambar da zan yi alama da ita mun sare ta jiya. Na tsaya ina waige-waige kamar sabuwar mahaukaciya. Sai na tuna wurin yana tsakanin ɗorawa da wani suri. Na duba, ga ramukan duwatsun nan huɗu, ruwan yayyafin daren jiya ya kwanta a cikinsu, taku kaɗan daga inda haro ya wuce. Taraktar kuwa ta kai ƙarshen gona ta juyo, ta miƙo kansu sak. Na yi ihu har muryata ta dushe, ina! Injin ya danne komai, kuma Baba ya juya wuyansa baya yana kallon yadda sabon haronsa ke yanka ƙasa, fuskarsa cike da jin daɗi.

Ban yi tunani ba. Na ruga na sha gabanta, na tsaya ina ɗaga hannuwa, bai gan ni ba. Na sunkuya na ɗauki hoge na jefa da iyakar ƙarfina, ya fashe a ƙirjinsa. Ya juyo a firgice ya taka birki, goshin taraktar ya tsaya bai fi taku uku da ni ba, zafin injin na dukan fuskata. "Ke! Kin haukace?" Na ce, "Rijiya, Baba! Kaka ta ce rijiya ce!" Ban rufe baki ba na ji wani ƙas ƙarƙashin ƙafata, irin na busasshen icce in an taka shi. Na duba ƙasa. Ashe a tsakiyar ramukan nan huɗu na tsaya, kuma ruwan da ke cikinsu yana zurarewa a gaban idona, har ya ƙare ƙaf.

Baba ma ya gani. Ya tura liba, haron ya faɗi ya cije ƙasa, ya kashe injin. Gonar ta yi tsit, sai wata 'yar ƙara ta ƙasa tana zuba can ciki. Da wata murya da ban san shi da ita ba ya ce, "Ɗiyata, kada ki yi tsalle. Kwanta sannu. Jawo ciki wajen ɗorawa." Na kwanta, ƙasar na motsi a ƙarƙashina kamar katifa. Shi kuma ya sauka ta baya, ya kewayo da nisa, ya kwanta rub da ciki ya miƙo hannu. Ina ja, tsaga na buɗewa a gefen kunnena. Yatsunsa na taɓa wuyan hannuna ya fizge ni, muka gangara tare. A bayanmu ƙasa ta rufta da wani irin gunji, ɗaya daga cikin tayoyin gaba ta zurma, taraktar ta durƙusa a bakin ramin tana lilo. Haron nan da ya nutse a baya, shi ya riƙe ta.

Kafin azahar gonar ta cika da mutane. Aka kwance ƙarafan gaba da dabara, aka ɗaura igiyoyi, shanun noma shida suka ja ta baya ana kabbara. Wanda ya leƙa ramin ya ce ruɓaɓɓun azara ne kawai a baki, ƙasan kuwa ba a hango shi. Duk wannan Baba na zaune a ƙasa, bai saki hannuna ba, sai da shatin yatsunsa ya kwana uku a jikina. Ni duka nake jira. Na ce masa cikin kuka ni na gano duwatsun. Ya girgiza kai ya ce, "Ni na ce a tsince. Na tambayi bakanike, na tambayi mai taya, ban tambayi wadda ta haife ni ba." Ya cire mini ƙayar, ya goya ni har gida a gaban jama'a, ƙatuwa da ni, kunya kamar in nutse.

Washegari ya shimfiɗa tabarma a tirela ya ɗauki Kaka zuwa gonar. Ta riƙa tambayar ina ɗorawa, ina gabas, tana ƙirga taku, har ta nuna wata rijiyar ta biyu da ba wanda ya san da ita. Baba ya yi ta juye ƙasa a cikinsu, amma kowace damina sai su sake lotsawa, don haka ya shimfiɗa sababbin azara ya jera duwatsu a kan duka biyun.

Yau Kaka da Baba duk sun riga mu gidan gaskiya. Ni ina aure a Ƙanƙara, taraktar an daɗe da sayar da ita, gonar kufai kuwa shekaru ke nan ba wanda ya taka ta, tun da 'yan bindiga suka sa dajin ya gagari masu shi. An ce ta koma kurmi, ɗorawar ma an sare. Nakan ce wata rana lafiya za ta dawo, wani ya shiga da tarakta wadda ta ninka ta Baba, ya sa yara su share masa fili. A gidanmu ni kaɗai na rage da na san wuraren nan biyu, kuma ba ni da hanyar zuwa. Duk ruwan shuka sai na zana wa 'ya'yana su a ƙasa da tsinke, suna dariya wai Mama ta fara. Allah ya sa mai shiga ya tambaya tukuna.